Man da Ya Yi Barci a Sama

Karangwuni, bakin teku
3 ga Muharram, 1367

Zuwa ga ɗana Kasdi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan, ban da gwiwata ta hagu da ba ta shiri da damina.

Takardarka ta iso ranar Laraba. Na karanta inda ka ce man bindigar da Japanawa suka bari ya ƙare, Turawan Holan sun tare teku ko ɗigo ba ya shigowa, har tsatsa ta fara cin igwogin nan biyu da ke cikin fikafikan jirginku. Ni ban san igwa ba, ban san jirgin sama ba, amma ƙarfe na sani. Shekara arba'in da ɗaya ke nan duk Muharram ana kawo mini wuƙaƙen gado, keris na manoma da na 'ya'yan sarauta, in wanke su da lemun tsami da ruwan kwakwa, in shafe su da man gidanmu. Ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya an ce ta yi tsatsa ba.

Ga kwalba biyu a hannun mai kawo gishiri. Man bana ne, ni na dafa shi daga kwakwar bayan gida, na sa masa sandal da furen yasmin kamar yadda kakanka ya koya mini. Makami makami ne, ɗana, a ƙugu yake ko a fiffike. Ka taɓa shi da alwala, kada ka tsallake shi, kada ka yi zagi a kansa. Tunda kuma jirgin naku rana yake kusanta, zafin zai ƙara wa man gudu, ya ratsa kowane lungu.

Ka gaida matarka in za ka rubuta mata. Har yau ban gane abin da zai sa mace ta hau dutse don ta haihu ba, alhali ga ɗaki a nan, amma mutanen tudu da nasu halin.

Allah ya tsare ka, ya tsare ƙasarmu.

Mahaifinka,
Martodikromo

* * *

Filin jirgi, an hana mu rubuta sunansa
22 ga Nuwamba, 1947

Dik Warsini,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyi, ina nauyin jiki? Ki gaida Inna, ki gaida mutumin nan da ke ta shurinki daga ciki, ki ce masa ubansa ya ce ya yi a hankali, gidan haya ne.

Kin ce ba na ba ki labarin komai sai na abinci. To ga labarin aiki, kada ki yi hamma. Jirgin yaƙi ɗaya tak muke da shi a nan, wanda muka harhaɗa daga gawarwakin jirage uku na Japanawa, kuma igwoginsa biyu ni ke kula da su. Kowace ta kusa tsawona. Harsashinta ya fi babban yatsana kauri, in ya sami abu fashewa yake yi, kuma a jigida ake jera su ɗari da ashirin, amma kafin ki karanta Fatiha sun ƙare. Ta fiffiken dama na sa mata sunan gwaggonki Sipon, don in ta buɗe baki ba ta tsayawa. Ta hagu kuwa sai ta yi gyaran murya tukuna, kamar dagacin garinku.

Tsatsa ta so ta kunyata ni, sai ga Baba ya aiko man wanke keris kwalba biyu. Samanjanmu ya hana a sa komai a igwa in ba abin da ke rubuce a littafin Japanawa ba, shi ya sa na juye man a tsohon gwangwaninsu na yi shiru. Ki riƙe wannan a cikinki. Na wargaza su gunduwa-gunduwa, na wanke, na shafe. Jiya muka ɗora wutsiyar jirgin a kan durom, muka saita bakunan biyu su haɗu a taki ɗari biyu da hamsin, muka harba a tudun ƙasa. Dik, ban taɓa jin sun yi magana da daɗi haka ba. Har dagaci bai yi gyaran murya ba.

Matuƙinmu Laftanar Handoyo ya sunkuya ya shinshina fiffike, ya ce, "Kofur, jirgin yaƙi na ba ka ko amarya?" Na ce turare na ɗan ɗiga don Turawa su mutu cikin ƙamshi. Yaro ne mai kirki, shekararsa ashirin da uku, sai dai son gayu. Da tsakar rana, ƙasa na ƙuna, zai zo cikin wata rigar fata mai gashin tunkiya a ciki, yana zufa kamar murfin tukunyar shinkafa. Na ce, "Laftanar, duk adon ne?" Ya ce, "Kofur, kai dai tsaya a ƙasa abinka."

Akwai jirgin Holan da ke zuwa kusan kowace safiya can ƙololuwa yana ɗaukar hotunanmu. Shi muke dako.

Baba yana gaishe ki. Ina kewarki ƙwarai, ba wasa nake yi ba. Ki ci abinci.

Mijinki,
Kasdi

* * *

Kejajar
27 ga Nuwamba

Mas Kasdi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana amsawa. Mutumin naka ya ji saƙo, ya ƙara shuri biyu.

Na karanta wa gwaggo Sipon inda ka ambace ta. Tun jiya take magana a kai, har yanzu ba ta kai ƙarshe ba, ka ga kuwa ka yi gaskiya. Ta ce in ka zo za ta nuna maka jigida.

Sanyi a nan sai wanda ya gani. Hazo na shigowa har ɗaki, ƙafafuna sun kumbura, zanen da ka saya mini ba ya zagaye ni. Ungozoma ta ce tsakiyar Janairu. Masara ta yi kyau, taba ta lalace. Zurmar nan da Japanawa suka tilasta mana shukawa ta cinye bayan gida, Inna ta ce a sare, na ce a bari sai na sauka lafiya tukuna.

Ka ce Baba ya gaishe ni. Da sunana ya gaishe ni ko da "matarka"? Kada ka yi mini ƙarya, na san amsar. Shekara biyu ke nan tun ranar da na ce masa gishirin miyarsu ya yi yawa yake kallona kamar akuyar da ta shiga masallaci. Ni dai ban iya maganar fada irin taku ta mutanen ƙasa ba, abin da na gani shi nake faɗa. Amma ina ganin girmansa, Allah ya sani.

Maganar gwangwani kuwa ba ta yi mini daɗi ba, Mas. Kai ba ka iya ɓoye abu ba, kunnuwanka ja suke yi.

Ga garin masara da sukarin kwakwa dunƙule uku a hannun mai tabar da ke kai mana wasiƙu. Kada ka raba wa barikin duka ka tashi ba komai, na san halinka.

Matarka,
Warsini

* * *

5 ga Disamba

Dik,

Salamu alaikum. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kuma kada ki karanta wa Inna.

Ina gadirum yau kwana uku. Lafiyata ƙalau, ba wanda ya taɓa ni. Tsohuwar da ke dafa mana abinci ce za ta fitar da wannan takarda a cikin ganyen ayabar shinkafa.

Ranar Asabar jirgin Holan ya zo. Laftanar ya tashi, ya daɗe yana hawa har ya samu bayansa, ya danna kunama, igwogin biyu suka yi shiru. Ya sauko ransa a ɓace. A gaban kowa na hau fiffike na gwada, suka tashi kamar ba abin da ya faru. Samanja ya ce ƙila Laftanar ya manta bai buɗe makulli ba, suka kusa dambe. Na sake wargaza komai, na duba kowane harsashi, na ƙara mai fiye da da.

Ranar Talata ya sake tashi. Wannan karon mai hoton ya zo da ɗan rakiya. Laftanar ya danna, shiru. Ɗan rakiyar ya juyo kansa. Yadda ya kawo jirgin nan ƙasa Allah kaɗai ya sani, jini ya cika takalminsa, gwiwarsa ta dama ta farfashe. Ni na ciro shi. Kallona kawai ya yi. Da aka tafi da shi Kwamanda ya ce in harba. Na harba, Dik, suka tashi lafiya lau, jigida biyu har ƙarshe.

Yanzu cewa ake yi zagon ƙasa ne. Wai na san wata dabara da ke sa igwa ta yi aiki a ƙasa ta mutu a sama, wai Turawa ne suka saye ni, tunda na taɓa yin share-share a garejinsu ina yaro. Samarin da ke gadin filin suna taruwa a bakin taga suna faɗin abin da ba zan rubuta miki ba. Kotun soja za ta zauna ranar 22 ga wata. Kin san abin da ake yi wa ɗan leƙen asiri a wannan zamani, ba sai na faɗa ba.

Wallahi ban san abin da ya faru ba. Na bi kowane ƙarfe a kaina ya fi sau ɗari. Abin da ya fi ci mini rai ƙafar yaron nan ce, da ke, da wanda ban gani ba tukuna. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Baba bai sani ba. Ki bar shi haka.

Kasdi

* * *

Kejajar
9 ga Disamba

Mas,

Salamu alaikum. Na yi kukana na gama, yanzu ka buɗe kunne.

Yau da safe na je soya wainar waken tempe, na ɗauko kwalbar man kwakwa, na tarar ya yi barci kamar kullum, fari fat, ko girgiza shi ka yi ba ya motsi. Na ajiye shi bakin murhu kamar yadda muke yi tun ina yarinya, na tsaya ina jira ya narke, ina tunaninka. Sai rigar Laftanar ta faɗo mini a rai.

Mas, me ya sa yake sa rigar gashin tunkiya? Kai ka ce gayu ne. Ni 'yar dutse ce. Daga Wonosobo zuwa garinmu sanyi ƙaruwa yake yi, daga garinmu zuwa kan dutsen Dieng har raɓa ke daskarewa a kan ganye. Jirgin naku ai ya fi Dieng hawa. Sama sanyi ne da ita, ku mutanen bakin teku kuna zaton wanda ya hau ya kusanci rana zai gasu. Shi ya sa ya ce maka ka tsaya a ƙasa abinka.

Man Baba man kwakwa ne, komai sandal ɗin da aka sa masa. A ƙasa yana gudu, igwa ta yi magana. In jirgi ya hau ya daɗe, man ya yi barci a cikin ƙarfen ya riƙe komai. Kafin ya sauko ya gama zagaya filinku mai zafi, ya narke, kai kuma ka hau ka harba ta tashi. Da ka ƙara man karo na biyu, ƙara ɗaure ta ka yi. Ban san igwa ba, amma na san man kwakwa fiye da duk barikinku.

Ka nemi ganin Kwamanda yau ɗin nan. Ka faɗa masa maganar gwangwani, ka faɗa masa daga inda man ya fito. Za su hukunta ka don ƙarya, to, su hukunta. Ba a harbe mutum don wauta.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka amsa mini da mai tabar nan, na roƙe shi ya jira.

Taka,
Warsini

* * *

13 ga Disamba

Dik Warsini,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki sau uku, na dafe kaina. Gaskiyarki ce. Na taɓa ganin mai ya yi barci a garinku ranar da na je gaisuwar aure, har na yi dariya, amma ko sau ɗaya ban haɗa shi da sama ba. Ashe ni na farfasa gwiwar yaron nan da hannuna.

Amma ba zan faɗa ba, kuma ina roƙonki ki saurare ni kafin ki yi fushi. In na ce man ba na Japanawa ba ne, tambaya ta farko ita ce wa ya ba ka. Ƙamshinsa kowa a yankinmu ya san na gidan waye. Kin kuma san Baba ya yi shekaru yana wanke keris na gidan tsohon hakimin nan da ya gudu wajen Turawa a Semarang. Ba wanda zai tsaya jin labarin sanyi. Za su ce Turawa sun aiko mai ta hannun uba, ɗa ya shafa. Maimakon mutum ɗaya a jingina biyu a bango. Ga man a gwangwani yana gudu kamar ruwa, da me zan nuna musu?

Ko da sun ƙyale shi ma, kin san Baba. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da sarauta, man nan shi ne mutuncinsa a duniya. Shekararsa saba'in. In ya ji man kakansa ne ya nakasa ɗan mutane ya kai ɗansa gaban kotu, ba zai ga azumi ba.

Zan ce kuskurena ne wajen haɗawa, in tsaya a kan haka. Ƙila su ji tausayi. Ban taɓa ba ki umarni ba tun da muka yi aure, yau na ba ki: kada ki faɗa wa Baba, kada ki faɗa wa kowa.

In namiji ne, sunan da muka yi magana a kai. In mace ce, ki zaɓa, amma ban da Sipon.

Ki yafe mini.

Mijinki,
Kasdi

* * *

Kejajar
17 ga Disamba

Zuwa ga Baba Martodikromo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙusawa ina gaida Baba, ina neman albarka. Ni ce Warsini, matar Mas Kasdi. Ban taɓa rubuta wa Baba ba, kuma ban iya tsara magana ba, a gafarce ni tun daga farko.

Mas Kasdi yana tsare. Ranar 22 ga wata, wato Litinin mai zuwa, za a yanke masa hukunci a kan cin amanar ƙasa, domin igwogin jirginsu sun ƙi tashi a sama har sau biyu, an harbi matuƙin a ƙafa. Bai ci amanar kowa ba. Man da Baba ya aika ne ya daskare. Man ba shi da aibi, na kwakwa ne kawai, sama kuma sanyi gare ta fiye da dutsenmu, a nan kuwa kullum da safe sai mun gasa kwalba kafin mu yi girki. Ga takardunsa biyu na haɗo, Baba ya karanta da kansa.

Ya hana ni faɗa. Ya zaɓi a harbe shi da a taɓa Baba, ko ran Baba ya ɓaci. Na yi kwana guda ina biyayya, na ga ba zan iya ba. Da zan iya tafiya da na je da kaina, amma ko rijiya ba na kaiwa yanzu.

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Mai yiwuwa su kama Baba. Na san kuma Baba bai taɓa son bakina ba, yau ga shi na zo da magana mafi ɗaci. In Baba ya ƙi ni har abada saboda wannan takarda, na ɗauka. Ni dai ina son yaron da ke cikina ya san fuskar ubansa.

Man da ba ya barci a sanyi shi ne na zurma. Da shi muke kunna fitila a nan, ban taɓa ganin ya daskare ba. Muna da ita da yawa, Inna ta fara daka.

Ina neman gafara.

Warsini

* * *

Yogya, gidan wani ɗan'uwa
10 ga Safar

Zuwa ga 'yata Warsini,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi miki albarka, ya sauke ki lafiya. Zan fara da abin da kike jira: mijinki yana raye, kuma ba za a harbe shi ba.

Takardarki ta same ni ranar Asabar ina shanya kwakwa. Ba zan yi miki ƙarya ba, da na karanta na jefar da ita, na ce yarinyar nan ta tudu har ta kai ga zagin man kakana. Na zagaya gida sau biyu, na dawo na ɗauka, na karanta na Kasdi. Sai na ɗauki ragowar kwalbar da ke gida da sandata na fita. Amalanken gishiri ya kai ni rabin hanya, sauran na taka. Gwiwar ta yi ta ƙorafi, ban kula ta ba.

Lahadi da hantsi na isa ƙofar filin. Samarin suka hana ni shiga, ɗaya ya ce, "Tsoho, kai ne uban maci amanar?" Na ce, "Ni ne uban Kasdi. Kai ɗan waye?" Ya faɗi sunan ubansa, na ce na san keris ɗin gidanku, lanƙwasa tara gare ta, bakinta ya ɗan ɓare. Ya sauke bindiga ya raka ni.

Kwamandan mutum ne mai gajeren zance. Na ajiye kwalbar a teburinsa na ce, "Ranka ya daɗe, ga mai laifin, ni kuma na dafa shi." Na faɗi duk abin da kika rubuta, na ce daga bakin surukata na ji. Ya gyaɗa kai, don shi matuƙi ne, ya san sanyin sama. Samanjan ya ce wa ya sani ko wani ƙaro aka zuba a ciki, ai tsohon nan yaron gidan hakimi ne. Na ce a ba ni cokali. Na sha biyu a gabansu. Ya ce wannan bai nuna komai ba, ga mai yana gudu.

Na ce to a kai shi inda aka ce yana barci, a kai ni tare da shi. In bai daskare ba, a jingina ni kusa da ɗana, ba sai an yi zaman kotu biyu ba. Kwamanda ya ce fetur ba na wasa ba ne. A lokacin ne aka shigo da Laftanar Handoyo a kan kujera, don ya ji ana hayaniya ya ce a ɗauko shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafata ce, ina son in san abin da ya ci ta." Ya sa aka kawo rigarsa ta fata, ya ce in saka.

Akwai wani ƙaramin jirgin koyo mai kujera biyu, ba rufi. Kwamanda ya zauna a baya, aka ɗaure ni a gaba kamar buhu. Na yi shahada. Ba zan ba ki labarin abin da cikina ya yi ba, da cokali biyu na mai a ciki. Na ga teku, na ga dutsen Merapi a gefena kamar maƙwabci, na duba arewa ko zan hangi dutsenku. Sannan sanyi ya zo. 'Yata, shekara saba'in ina zaton rana ake kusanta. Yatsuna suka ƙage, haƙoran da suka rage mini suka yi ta haɗuwa. Na riƙe kwalbar a iska ina kallo. Ta fara yin hazo daga gindi, farin ya yi ta hawa, har ya kai wuya. Na cire toshiyar, na ɗaga ta sama da kaina yadda Kwamanda zai gani, na kifa ta. Ko ɗigo bai zuba ba. Na yi kuka a wurin, iska ta shanye hawayen. Rabi na baƙin ciki ne, rabi na murna, ban san wanne ya fi ba.

Kwamanda ya sauko da mu da sauri. Ya karɓi kwalbar ya shiga tsakiyar samarin da ita, suna kallo tana narkewa a hannunsa. 

Kotun ta zauna Litinin. An cire wa Kasdi igiyarsa ta kofur saboda ƙaryar gwangwani, zai yi wata guda yana haƙa rami, amma igwogin suna hannunsa, don ba wanda ya san su kamarsa. Ni an ce in tafi gida. Na je wajen Laftanar na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa yaro ba. Likita ya ce ƙafar ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba, ba zai sake tuƙi ba. Ya kama hannuna ya tashe ni, ya ce, "Baba, da ƙauna ka aiko shi, na ji ƙamshin." Na miƙa masa rigarsa, ya ce in riƙe, shi ya gama da ita. Wannan zan ɗauka har kabarina.

Ki aiko man zurmar. Kuma gishirin miyar nan, tun ranar na san ya yi yawa.

Mahaifinki,
Martodikromo

* * *

29 ga Disamba

Dik,

Salamu alaikum. Man ya iso. Jiya sabon matuƙi ya hau har inda jirgin ke iya kaiwa, ya danna, gwaggo Sipon da dagaci suka amsa tare. Laftanar yana zaune a inuwa da sandarsa, ya ce amaryar tasa yanzu warin maganin wankin ciki take yi.

Baba ya taso wajenku yau da safe tare da mai taba. Yana sanye da rigar fatar, ya ɗauko keris ɗin kakana a cikin zane, ya ce a hannunki zai ajiye ta har jikansa ya girma, mace ko namiji. Ki sa masa ruwan zafi, ki ba shi wuri kusa da murhu.

Na ba ki umarni sau ɗaya a rayuwata, kin take shi. Hannuna duk kanta saboda haƙa, ba zan iya dogon rubutu ba. Allah ya sa yaron nan ya ɗauko kunnen ƙashinki.

Mijinki,
Kasdi